Heinrich Quincke, likitan da ya buɗe ƙofar gwajin ruwan laka

Idan zafi ya tsananta a yankin Sahel aka fara zargin sanƙarau, likita kan sa majinyaci ya kwanta a gefe ya lanƙwashe, sannan ya soka siririyar allura a ƙasan gadon baya ya ɗebi ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, shi ne ya kafa wannan dabara.

An haife shi ranar 26 ga Agusta 1842 a garin Frankfurt an der Oder, mahaifinsa ma likita ne. Ya yi karatu a Heidelberg da Würzburg da Balin. A 1873 ya zama farfesa a Bern ta ƙasar Suwizalan, a 1878 kuma ya koma jami'ar Kiel, inda ya shafe shekara 30.

Tun yana matashi yake binciken yadda wannan ruwa ke zagayawa a jikin dabbobi. Ya san laka tana ƙarewa kafin ƙashin baya ya ƙare, saboda haka allurar da ta shiga ƙasa da wurin ba za ta taɓa ta ba. A 1891 ya bayyana dabarar. Burinsa na farko shi ne rage wa yaran da ruwa ya taru musu a kai nauyin ruwan. Sauƙin bai daɗe ba, amma ya riƙa auna ƙarfin matsin ruwan da yawan furotin ɗin cikinsa, kuma a nan ne babban amfanin ya fito: ruwan na nuna halin da ƙwaƙwalwa ke ciki ba tare da an buɗe kai ba. A 1898, a Kiel ɗin, August Bier ya bi wannan hanya ya kashe zafi yayin tiyata.

Quincke ya yi ritaya a 1908, ya rasu ranar 19 ga Mayu 1922 a Frankfurt am Main.

Yau a cikin wannan ruwa ake neman ƙwayar sanƙarau. A cikinsa kuma masu bincike ke auna GFAP, furotin na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu siffar tauraro. Yawansa kan ƙaru idan ƙwaƙwalwa ko laka ta samu rauni.