Sa Kashim Ibrahim: Malamin Makarantar da Ya Zama Gwamnan Jihar Arewa

Gabatarwa

Idan aka ambaci kalmar gwamna a yau, abin da kan faɗo wa mai sauraro a rai shi ne ɗan siyasar da ya tsaya takara, ya zagaya gari-gari yana neman ƙuri'a, sannan ya hau kujera yana juya baitulmalin jiha. Amma ba kullum kalmar ke ɗauke da wannan ma'ana ba. An yi lokaci a ƙasar nan da gwamna naɗa shi ake yi, ba ya yaƙin neman zaɓe, ba ya kuma tsara kasafin kuɗi, duk da haka ba a zartar da doka sai da sa hannunsa. Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar mutumin da ya riƙe irin wannan kujera a Arewa, wato marigayi Sa Kashim Ibrahim, domin a ga yadda aikin yake da kuma irin halin da yake bukata.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Kashim Ibrahim ranar 10 ga watan Yuni, 1910 a garin Yerwa, wato Maiduguri, cikin ƙabilar Barebari. Kamar sauran yaran Borno, ya fara da karatun allo kafin a sa shi makarantar boko ta lardi. A shekarar 1925 ya sami shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya kammala a 1929. A wannan kwaleji ce ya yi zamani da wasu ɗalibai biyu da suka shigo bayansa, wato Ahmadu Bello daga Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci. Sanayyar da aka ƙulla a nan ita ce ta bi su har cikin siyasa.

Aikin Koyarwa

Da ya koma gida sai ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Borno. A 1933 aka ɗaga shi zuwa malami mai zagaya makarantun lardi, aikin da ya sa ya san ƙauyukan Borno da halin da makarantun elementare suke ciki. A 1935 aka ba shi sarautar Shettima, shi ya sa aka daɗe ana kiransa Shettima Kashim. Wani abin da ya kamata ɗaliban harshe su sani shi ne, ya rubuta littattafan koyon karatu da na lissafi cikin harshen Kanuri domin yaran elementare, a lokacin da littattafan boko cikin wannan harshe ba su da yawa. Ke nan tun kafin siyasa ta same shi, ya riga ya yi suna a matsayin malami.

Shigarsa Siyasa

Shettima Kashim yana cikin waɗanda aka kafa jam'iyyar NPC da su. Bayan zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Dokoki ta Arewa, kuma a 1952 ya zama ɗaya daga cikin ministoci huɗu da Arewa ta tura Ikko, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Ya fara riƙe ma'aikatar jin daɗin jama'a, daga baya ta ilmi. A 1955 ya dawo Kaduna ya zama minista a gwamnatin Sardauna.

Bai daɗe a nan ba gida ta neme shi. A wancan lokaci En'e ta Borno tana fama da zarge-zargen almundahana, ga kuma adawar matasa da ke ƙara ƙarfi a Maiduguri. A 1956 Shehun Borno Sanda Kyarimi ya naɗa shi Waziri, aka ɗora masa nauyin gyara al'amuran mulki da dawo wa hukumar da mutuncinta. Ya bar kujerar minista ya karɓi wannan aiki, ya kuma riƙe shi har lokacin da aka kira shi gidan gwamnati.

Matsayin Gwamna a Wancan Zamani

Kafin a ci gaba, yana da kyau a fayyace wasu kalmomi. A wancan zamani kalmar jiha tana nufin babban yanki ne, domin Jihar Arewa ita kaɗai ta ƙunshi abin da a yau ya zama jihohi 19. Tsarin mulkin 1954 shi ne ya mayar da Nijeriya tarayya, kowace jiha ta sami Gwamna da Firimiya. Gwamnonin farko a Arewa Turawa ne, wato Sa Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, sai Sa Gawain Bell da ya gaje shi a 1957. Da Arewa ta sami mulkin kanta a watan Maris na 1959, sai yawancin iko ya bar hannun Gwamna ya koma hannun Firimiya da majalisar ministocinsa.

Bayan samun 'yanci a 1960, Sarauniyar Ingila ce ke naɗa Gwamna bisa shawarar Firimiyan jihar. Da ƙasar ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, 1963, sai naɗin ya koma hannun Shugaban Ƙasa, shi ma bisa shawarar Firimiya. Ayyukan Gwamna sun haɗa da naɗa Firimiya daga cikin 'yan majalisa, da sa hannu a kan dokokin da majalisa ta zartar, da buɗe zaman majalisa ko rusa ta, da tabbatar da naɗin sarakuna. Kusan duk waɗannan yana yin su ne bisa shawarar gwamnati. Sai dai akwai wuri guda da doka ta bar masa ya yi amfani da hankalinsa, wato yana iya sauke Firimiya idan ya ga ba shi da goyon bayan mafi yawan 'yan majalisa.

Abin da ya faru a Jihar Yamma ya nuna haɗarin da ke cikin wannan iko. A watan Mayu na 1962 Gwamnan jihar, Ooni na Ife Sa Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Samuel Ladoke Akintola bisa wata takarda da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Majalisa ta kaure da dambe, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Moses Majekodunmi a matsayin kantoma. Shari'ar ta kai har Ingila, kuma a ƙarshe Gwamnan ya rasa kujerarsa.

Zamansa Gwamna

A cikin wannan shekara ta 1962 ne aka naɗa Kashim Ibrahim Gwamnan Jihar Arewa, ya zama ɗan ƙasa na farko da aka tabbatar wa wannan kujera. A shekarar ce kuma Sarauniya ta ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sa Kashim. Zaɓensa ya yi ma'ana ta fuskar siyasa, domin Firimiya jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, shi kuwa Gwamna ɗan Borno ne, ƙasar da ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ba. Haɗa su biyun a saman mulki ya nuna wa jama'a cewa tsofaffin daulolin nan suna tafiya tare.

Jarrabawa mafi girma da ya fuskanta ita ce ta Kano. A 1962 gwamnatin Arewa ta sa wani Bature, D.J.M. Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Sakamakon binciken ya kai ga murabus ɗin Sarkin Kano Sa Muhammadu Sanusi a 1963, aka kuma kai shi Azare. Shawarar ta gwamnati ce, amma Gwamna ne ya karɓi murabus ɗin, domin shi doka ta ɗora wa wannan nauyi. Ba ƙaramin abu ba ne mutumin da ya tashi a fada, ya kuma yi Waziri, ya zama shi ne zai karɓi takardar ajiye sarauta daga ɗaya daga cikin manyan sarakunan ƙasa. Har yau akwai masu ganin an zalunci Sarki Sanusi, akwai kuma masu ganin gwamnati ta yi abin da ya wajaba. Abin da lamarin ya bayyana shi ne yanayin kujerar kanta, wato mai ita yakan ɗauki nauyin hukuncin da ba shi ya yanke ba.

Bayan wannan, a shekaru huɗun da ya yi bai shiga takun-saƙa da Firimiya a bainar jama'a ba, Arewa kuma ba ta ga irin rikicin da ya auku tsakanin Gwamna da Firimiya a Yamma ba. Gaskiya ne rinjayen da NPC take da shi a majalisa ya sauƙaƙa masa, amma sanin iyakar aikinsa da tsohuwar sanayyarsa da Sardauna su ma sun taimaka.

Juyin Mulki da Abin da Ya Biyo Baya

A daren 15 ga Janairu, 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, suka kama Sa Kashim suka tsare shi na ɗan lokaci kafin su sake shi. Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa Hassan Usman Katsina Gwamnan soja, aka mayar da Sa Kashim mai ba shi shawara. Dattijo mai shekaru 55 ya yarda ya zauna ƙarƙashin matashin da ya kusa zama sa'an ɗansa, a lokacin da Arewa take cikin zaman makoki da fushi.

Daga nan ma'anar gwamna ta sauya. Gwamnan soja shi ma naɗa shi ake yi, amma ya haɗa ikon Gwamna da na Firimiya da na majalisa a hannunsa. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, aka raba Arewa gida shida, kowace da gwamnanta. Tsarin mulkin 1979 ne ya kawo gwamna mai cikakken iko da jama'a ke zaɓa, wanda tsarin 1999 ya ci gaba da shi. Duk da haka naɗi bai ɓace gaba ɗaya ba, domin an tura kantomomi jihar Filato a 2004, da Ekiti a 2006, da Ribas a 2025, duk ƙarƙashin dokar ta-ɓaci.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan ya bar gwamnati, Sa Kashim ya koma Maiduguri, kuma sauran hidimarsa ta koma fagen da ya fara, wato ilmi. Ya zama uban Jami'ar Ibadan bayan rasuwar Tafawa Ɓalewa, daga bisani kuma uban Jami'ar Legas. An shaide shi da rashin tara dukiya duk da manyan muƙaman da ya riƙe. Allah ya yi masa rasuwa ranar 25 ga Yuli, 1990 yana da shekaru 80. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da gidan gwamnatin jihar Kaduna duk suna ɗauke da sunansa.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda malamin makaranta ya zama minista, ya zama Waziri, sannan Gwamna. An kuma ga cewa kujerar gwamnan da ake naɗawa a Jamhuriya ta Farko ba ta da iko mai yawa a takarda, amma ɗan abin da take da shi ya isa ya jefa jiha cikin rikici idan aka yi gaggawar amfani da shi, kamar yadda aka gani a Yamma. Sa Kashim ya riƙe ta shekara huɗu ya sauka da mutuncinsa, har sojojin da suka karɓi mulki suka nemi shawararsa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.