Farfesa Ishaya Audu: Likita, Shugaban Jami'a, Bawan Almasihu

A wannan darasi za mu duba rayuwar Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu, Bahaushe mai bi wanda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

An haife shi a Anchau a 1927. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito daga cikin Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda girman matsayin da yake ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiran suka watse, suka riƙe abin da ya koya musu. A 1913 waɗansunsu suka sadu da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka ji bishara, suka ba da gaskiya. A irin wannan gida Ishaya ya tashi.

Ya yi karatu a makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce Yaba a Legas, sannan Ibadan, daga nan ya tafi Ingila ya gama karatun likita. Ya ƙware a kan ciwon yara. Da ya dawo gida, Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ɗauke shi likitansa. Mu lura da wannan. Firimiyan Arewa, ɗan zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya danƙa lafiyar jikinsa a hannun Kirista, domin ya ga gwaninta da riƙon amana. Ishaya kuwa bai ɓoye bangaskiyarsa ba don ya sami wannan matsayi.

A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa shi shugaban jami'ar bayan Sir Norman Alexander, yana da shekara 39. Ƙasa tana cikin tashin hankali, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, amma jami'ar ta ci gaba da girma. A zamaninsa aka buɗe sashen koyon aikin likita. 'Ya'yan talakawan Arewa, Musulmi da Kirista, har da na ƙasar Katsina, suka sami ƙofar ilimi mai zurfi. Ya sauka a 1975.

A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje. Da soja suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa. Bayan an sake shi, ya koma Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, ya kuma zama fasto yana kiwon garken Ubangiji. Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005.

Me wannan yake koya mana, mu ikilisiyoyin Batsari da Safana? 'Yan bindiga sun kori da yawanmu daga gonaki, karatun yara ya katse a ƙauyuka da dama, iyaye kuma suna tunanin cire yara su kama talla ko ƙwadago. Mu tuna, Isawan da suka ba da gaskiya mutane kaɗan ne, ba masu dukiya ba, amma suka sa 'ya'yansu a makaranta, daga cikinsu Allah ya tā da mutumin da ya yi wa Arewa duka hidima. Kamar Yusufu a Masar da Daniyel a Babila, ya yi aiki da aminci a ƙarƙashin waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ya kuma ɗanɗana ɗauri bai rabu da Ubangijinsa ba.

Saboda haka, inda muka yi gudun hijira, bari dattawan ikilisiya da zumuntar mata su ƙirga yaran da suka daina karatu, mu haɗa hannu mu mayar da su aji. Ubangiji ya taimake mu. Amin.