Shehu Magili: malamin da ya yi wa sarakuna tarbiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, a yau manyan kamfanoni na biyan ƙwararru maƙudan kuɗi don su zauna da shugaba shi kaɗai, su saurari matsalolinsa, su nuna masa inda yake kuskure. Fiye da shekara 500 da suka wuce, wani bawan Allah ya yi wa sarakunan ƙasashenmu wannan aiki, wato Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, Allah Ya ƙara masa yarda.

An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, a ƙarni na 15. Cikin malamansa akwai waliyyi Sidi Abdurrahman Assa'alibi. Ya zauna a Tuwat, inda saɓani mai zafi ya shiga tsakaninsa da wasu malamai kan wurin ibadar Yahudawan Tamantit, wanda fatawarsa ta kai ga rushewa. Daga nan ya ƙetaro Sahara zuwa ƙasar Abzin, ya karantar a Takadda, garin da masana ke cewa kufansa na Azelik a jihar Agadas. Cikin waɗanda suka sha karatu a hannunsa akwai Malam Aƙibu Al'anusammani. Magabatanmu na lissafa shi cikin waɗanda suka fara kawo Ƙadiriyya wannan yanki.

Ya isa Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta masa ɗan littafi mai babi takwas da ake kira Tajuddin. Abin lura shi ne jerin babukan. Ya fara da gyaran niyya, domin mulki amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita. Sannan ya zo kan kamala da kwarjinin sarki, tsara ma'aikata, taka tsantsan a gida da tafiya, binciken halin da talakawa ke ciki, adalci a hukunci, tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, don daga nan ɓarna ke farawa. Duk muridin da ya zauna gaban shehinsa zai gane wannan tsari: zuciya ake fara gyarawa kafin aiki.

Bayan Kano ya nufi Gawo, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493. A nan sarkin ne da kansa ya kawo tambayoyinsa guda bakwai, kan abubuwan da suka hana shi barci. Ta farko ita ce: wane malami zan amince da shi, alhali masu da'awar ilimi sun yi yawa? Shehu ya rarrabe masa malaman Allah da malaman da ke cin duniya da addini, ya nuna masa cewa shugaban da ya kewaye kansa da masu gaya masa abin da yake son ji ya halaka kansa da jama'arsa.

Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya ruwaito cewa cikin zafin rashin ya nemi a kama mutanen Tuwat da ke garin, aka kama su. Sai Malam Mahmudu ɗan Umaru ya nuna cewa waɗannan ba su da hannu a kisan, aka sake su. Ashe mai yi wa sarakuna gyara shi ma ya samu mai yi masa gyara, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Ya koma Tuwat, ya rasu wajen shekarar 909 ta Hijira. Kabarinsa na can ana ziyartarsa har yau.

Aikinsa bai mutu da shi ba. Bayan kusan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a nan ƙasarmu, ya kafa hujja da amsoshinsa ga Askiya a littafinsa Sirajul Ikhwan.

Ya ɗan'uwa, wataƙila an ɗora maka muƙaddamanci, ko shugabancin ƙungiyar ɗalibai, ko kujerar magajin gari. Wa ke iya shigowa wurinka ya ce ka yi kuskure ba tare da tsoron rasa abincinsa ba? In babu, ka neme shi tun kafin masu yabo su rufe ƙofar. Rumfa da Askiya sun fi mu ƙarfin iko, amma sun zauna sun saurara.

Allah Ya jiƙan Shehu Magili, Ya amfane mu da albarkarsa, Ya ba shugabanninmu mashawarta nagari. Amin.