Babban Gwani Malam Mika'ilu: Maginin Masallacin Zazzau

Malam Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu, shi ne maginin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. A Zariya ya zauna, kuma har yau akwai unguwar da ke amsa laƙabinsa, wato Babban Gwani.

Babban aikinsa shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Matsalar da ta fuskance shi ita ce yadda za a rufe fili mai ɗaukar ɗimbin masallata, alhali kuwa kayan aikinsa ba su wuce tubali da ƙasa da azara ba. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Saboda haka sai ya yi amfani da bakan gizo: ana ɗaura azara bisa azara daga kowane ginshiƙi, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. A kan waɗannan bakuna ya ɗora tulluwa, aka shafe rufin da makuba domin kare shi daga ruwa.

Magina sun san bakan gizo tun kafin zamaninsa. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya sarrafa shi. Bakunan da ke riƙe da rufin su ne kuma adon masallacin, domin ya jera su yadda suke tashi daga ginshiƙai suna ratsa juna. Ginshiƙan kuwa ya ƙawata su da zane mai tudu. Idan aka cire ado ɗaya daga cikin bakunan, rufin ne zai faɗo.

Sunansa ya kai wasu masarautu, inda ake jingina masa zauren fadar Bauchi mai suna Babban Gwani, da gidan Madaki a Kafin Madaki. Labarin baka ya nuna cewa a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, bayan sarkin garin ya sa an kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa.

A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na masallacin da ginin siminti, aka kuma yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sai dai ilimin ɗaura bakan yana hannun magina ne, kuma masu koyonsa suna raguwa. Malamin da ya kai ɗalibansa su auna soron ƙasa a garinsu, su tambayi maginin da ya ɗaura shi, ya koyar da lissafi da zane da tarihi a darasi guda.