Ɗan Hausa: Baturen da Ya Tsara Karatun Boko a Arewa

Duk wanda ya saba ratsa unguwar Nassarawa a Kano ya san Gidan Ɗan Hausa. Mai wannan laƙabi shi ne Hanns Vischer, wanda aka haifa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Da 'yan mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, amma bai daɗe ba ya bar su, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya kama aikin mulki a Borno. A 1906 ya keto Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Tafkin Chadi.

Da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora masa nauyin kafa ilimin zamani a Arewa, sai ya fara da ziyarar makarantun Masar da Sudan domin ya ga yadda aka ɓullo wa al'amarin a ƙasashen Musulmi. A 1909 ya buɗe makarantar Nassarawa. Abin lura shi ne da malamai ya fara, mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, don su ne za su koyar da na baya. Sannan aka kawo 'ya'yan sarakuna, aka kuma buɗe sashen sana'o'in hannu irin su dukanci da ƙira da sassaƙa.

A manhajarsa akwai karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya. Ba a koyar da addinin Kirista, ɗalibi kuma bai rabu da rigarsa da hularsa ba. Babbar shawarar dai ita ce ta harshe: da Hausa za a koyar, kuma da haruffan boko, ba da ajamin da malamai suka gada ba. Shi da kansa ya tsara ƙa'idojin rubutun, aka buga su a 1912.

Wannan tsari ya kwantar wa sarakuna da hankali, ya kuma kafa harsashin rubutun da ake karanta wannan jarida da shi. Sai dai ya zo da tsada. Jinkirta koyar da Turanci, da taƙaita makaranta ga 'yan tsiraru, sun sa shekaru da dama akasarin akawun ofisoshin gwamnati da na kamfanoni a Arewa daga Kudu ake ɗauko su. Ajami kuwa ya koma gefe a harkar hukuma.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka a Landan shawara kan ilimi a Afirka, a 1926 kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka. Ya rasu a 1945. Gidansa na ƙasa yana nan tsaye, an mai da shi wurin adana kayan tarihi.