JEROM, BAFARANSHEN DA YA ZANA YARO MAI WASA DA MACIJI

Yau za mu ba masu karatu labarin wani Bafaranshe gwanin zanen hoto da fenti, sunansa Jean-Léon Gérôme, amma a baki Jerom a ke cewa. Ya daɗe da barin duniya, duk da haka har wa yau masana suna gardama a kan wani hoto guda da ya zana. Gardamar nan kuwa ta shafi duk mutanen da baƙo ya taɓa ba da labarinsu a bayan idonsu.

An haifi Jerom ran 11 ga watan Mayu, 1824, a garin Vesoul, gabashin ƙasar Faransa. Ubansa maƙerin zinariya ne. Yana da shekara 16 ya tafi birnin Faris, ya zama almajirin wani mashahurin mai zane, Paul Delaroche, har ya bi shi Italiya cikin 1843. Cikin 1847 ya kai hoton wani saurayi da budurwa suna kallon faɗan zakaru wurin babban nunin zane-zane na Faris, aka ba shi lambar yabo. Tun daga ran nan sunansa ya fito.

To, a zamanin nan hankalin Turawa ya koma ƙasashen Gabas. Tun 1704 aka soma fassara Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci, Nafoliyon ya shiga Masar da yaƙi cikin 1798, Faransawa kuma suka kama birnin Aljas cikin 1830. Attajiran Turai suna so su rataya Gabas a bangon ɗakinsu, amma fa irin Gabas ɗin da suka ji a tatsuniya, mai bokaye da masu duba da aljannu. A Landan wani mai zane, Waterhouse, ya yi hoton waɗansu mata zaune suna sauraron abin da ƙoƙon kan matacce zai gaya wa matsafiya, cikin 1884. Kasuwar irin wannan kaya ta ci sosai.

Jerom ya sauka Masar karo na fari cikin 1856, ya bi kogin Nilu ya yi kudu, daga baya kuma ya yi ta komawa. Ya kan dawo da zane-zanen fensir, da tufafi, da makamai, da hotunan kyamara, sa'an nan ya zauna a ɗakin aikinsa a Faris ya harhaɗa su. Cikin 1863 ya auri 'yar Adolphe Goupil, babban dillalin hotuna, wanda ya riƙa buga aikin surukinsa yana sayarwa har Amurka. Cikin 1864 ya soma koyarwa a babbar makarantar zane ta Faris.

Wajen 1879 ya yi hoton da mu ke magana. Ga wani yaro tsirara tsaye bisa 'yar darduma, ya juya baya, mesa ta naɗe shi, ya ɗaga kanta sama da hannu guda. Ga tsoho a gefe yana busa sarewa. Ga waɗansu mazaje da makamai sun jingina da bangon tangaran shuɗi mai rubutun Larabci, sun zuba ido kamar an yi musu asiri. Aikin ya yi tsaf, ba a ganin sawun burushi ko ɗaya, har tsattsagewar bangon ta fito. Wanda ya gani sai ya rantse mai zanen yana tsaye a wurin aka yi abin.

Amma da masana suka bi diddigi, sai suka tarar babu wannan ɗaki a duniya. Bangon na fadar Topkapi ne a Santambul, daɓen kuwa na masallacin Amru ne a Alƙahira, tsakaninsu akwai teku. Wasa da maciji ba al'adar fadar Turkawa ba ce. Mu da muka saba ganin gardawa a kasuwa mun san wasan nan na fili ne, na neman abinci, ba a yinsa a masallaci, ba a kuma tuɓe yaro dominsa. Jerom ya ɗauki sana'ar talaka ya sa mata rigar tsafi, domin abin da masu saye ke so ke nan.

Akwai kuma abin da ya bari bai zana ba. Masar ɗin da ya sani tana da jirgin ƙasa tsakanin Iskandariya da Alƙahira, da maɗaba'a a Bulaƙ, da malaman Azhar. Shi da kansa ya halarci buɗe mashigin Suwez cikin 1869. Wanda aka yi ta nuna masa mutane zaune sun saki baki gaban maciji, ba wuya ya yarda ba su iya riƙon kansu ba. Cikin 1882 sojan Ingila suka mamaye Masar. Ba mu ce hoto ne ya kawo su ba, amma irin waɗannan hotuna suna cikin abin da ya sa mamayar ba ta dami zukatan mutanen Turai ba.

Sai dai mu yi masa adalci. Ya zana Musulmi suna salla cikin natsuwa da kwarjini, kamar hoton masallacin Amru na 1871, kuma gwanintar hannunsa ba mai musunta.

Da ya tsufa ya koma sassaƙa, ya kuma yi ta faɗa da sababbin masu zane irin su Monet, amma zamani ya bi su ya bar shi. Ya mutu a ɗakin aikinsa ran 10 ga watan Janairu, 1904, yana da shekara 79, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Hoton macijin da aka saya dala 19,500 cikin 1888, dala 500 aka sayar da shi cikin 1942. Yana gidan ajiyar zane na Clark, a jihar Massachusetts ta Amurka.

Cikin 1978 Edward Said, Bafalasɗine malamin jami'a a Amurka, ya fitar da littafinsa a kan yadda Turawa suka siffanta Gabas, aka sa hoton nan a bangon littafin. Cikin 1983 wata malama, Linda Nochlin, ta warware shi dalla-dalla. Hoton da aka yi don a nuna halin mutanen Gabas, sai ga shi ya koma shaida a kan halin waɗanda suka saye shi.

An ce gani ya kori ji. Labarin Jerom ya nuna mana gani ma yana bukatar bincike. In an miƙo mana hoton waɗansu mutane, mu tambaya wa ya yi shi, wa zai saya, me kuma aka bari a waje.