Baba Mutuniyar Karo

A 1973 wani Bature mutumin ƙasar Suwidin, Ingmar Bergman, ya shirya wasan talabijin kashi 6 a kan yadda auren wani miji da matarsa ya mutu, duniya ta yi ta zancensa. To, tun kafin nan wata tsohuwa ta ƙasarmu ta bayyana daɗin aure da ɗacinsa.

Ita ce Baba, wadda aka haifa a Karo ta ƙasar Kano wajen 1877, zamanin ana kama bayi. Da idonta ta ga zuwan Turawa. Tana budurwa manya suka yi mata auren zumunta da ɗan'uwanta. Ta bi maganarsu, amma da yake ranta bai kwanta ba, auren bai ɗore ba. Aurenta huɗu ke nan a duniya, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙe 'ya'yan dangi tamkar nata.

A 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarinta da Hausa. Ta rasu a 1951, aka buga littafin da Turanci a 1954.

Iyaye mata, ku nemi yardar 'ya'yanku kafin a ɗaura. Ku kuma 'yan makaranta, ku rubuta labarin kakanninku tun suna da rai. Allah ya jiƙan Baba, amin.